Tsofaffin ƴan lakwal, ina labari?

Gaisuwa ta musamman ga mutanen Buza, da Madawa, da Keita, da dukan ƙasar Adar da Majiya, na gida da waɗanda ke ci-rani.

Darasinmu na yau bai shafi baƙi da wasali ba, kuma ba lissafi za mu yi ba. Zancenmu a kan tsofaffin ƴan makaranta yake, wato iyayenmu da kakanninmu waɗanda sunka zauna aji shekara 40, ko 50, ko 60 da sunka wuce, wasu a lakwal, wasu a ajin yaƙi da jahilci. Ina suke yanzu? Mi sunka zama? Wa ke riƙe da labarinsu? Ni da ke magana ɗanku ne, ban kai shekara 40 ba, saboda haka roƙo na zo da shi gare ku, iyayena. Amma kafin roƙon, bari mu duba yadda wasu makarantu sunka yi da nasu tsofaffin.

Kwalejin Katsina

A maƙwabciyarmu Nijeriya, an buɗe kwalejin horon malamai a Katsina, anka yi bikin buɗewar a 1922. A 1938 anka mai da ita Kaduna, a 1949 anka kai ta Zariya, kuma tun 1971 ana kiranta Barewa. Tsakanin 1939 da 1940 waɗanda sunka gama wagga makaranta sunka kafa ƙungiyarsu ta tsofaffin ɗalibai, don su riƙa haɗuwa suna jin labarin juna. Har yanzu ƙungiyar tana nan.

Saboda an riƙe labarin, yau muna iya faɗin inda da yawa daga cikinsu sunka nufa. Ahmadu Bello ya gama, ya koma Sakkwato ya yi malanta, daga baya ya zama firimiyan Arewa a 1954. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya yi malanta a Bauci, ya rubuta littafin Shaihu Umar, ya zama firayim ministan Nijeriya. Su biyun an kashe su a watan Janairu na 1966. Abubakar Imam ya koyar a Katsina, ya rubuta Ruwan Bagaja da Magana Jari Ce, ya riƙe jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo tun da anka fara buga ta a 1939, ya rasu a 1981. Ku lura, dukansu da alli da allo sunka fara. Tsohon ginin makarantar a Katsina yanzu gidan adana kayan tarihi ne.

Makarantar Ponti

Mu kuma a zamanin Faransa, babbar makarantar malamai ita ce Wiliyam Ponti, can ƙasar Senegal. Daga nan Bubu Hama ya fito a 1929 ya dawo gida ya shiga koyarwa. Ya shugabanci majalisar dokoki har 1974, ya bar littattafai masu yawa, ya rasu a 1982. Diori Hamani da Jibo Bakari su ma can sunka yi karatu, kuma dukansu sun yi aikin mushe kafin su shiga siyasa. Jibo ya koyar a Birnin Ƙonni, kusa da mu. Makaranta ɗaya ta fid da su, amma siyasa ta raba musu hanya, kamar yadda kowa ya sani. Diori ya rasu a 1989, Jibo a 1998. Sai kuma Abdu Mumuni, haifaffen Tasawa, wanda ya ƙware kan amfani da hasken rana. A 1964 ya fid da littafi a kan ilimi a Afirka, inda ya nuna amfanin koyar da yaro da harshen da ya tashi da shi. Ya rasu a 1991, kuma jami'ar Yamai sunansa take ɗauke da shi.

Akwai wani abu game da Ponti da ya kamata ku ji. Ana sa ɗalibai su rubuta abin da sunka sani na garuruwansu: abinci, aure, wasanni, magani, tatsuniyoyi. Waɗanga kaye-kaye ba a zubar da su ba, an ajiye su a Dakar. A 2015 hukumar UNESCO ta sa su cikin jerin takardun da duniya ke tattalinsu. Rubutun yara ne, amma yau manyan masana ke zuwa karanta shi.

To, Katsina da Ponti makarantun da sunka fid da shugabanni ne, shi ya sa labarinsu bai ɓace ba. Lakwal ɗin garinku fa? Ajin da anka yi a ƙarƙashin rumfar kara a Karofan, ko Tamaske, ko Bangi, ko Garhanga, wa ya san inda ƴan ajin farko sunka shiga?

Abin da tsofaffinmu sunka gaya mana

A watannin baya mun zauna da tsofaffin ɗalibai a wasu garuruwa na gundumomin nan uku, wasu kuma sun aiko da wasiƙa. Ga labarin mutum biyar. Ba mu faɗin suna ko gari, don haka munka yi alkawari da su.

Na farko dattijo ne daga ƙasar Madawa. An ɗauke shi lakwal ƴan shekaru bayan samun mulkin kai na 1960. Ya ce ran da anka zo rubuta yara, ubansa cikin rumbu ya ɓoye shi, sai da dogarin sarki ya dawo sau biyu. A lokacin iyaye da yawa suna ganin wanda ya shiga lakwal ya fita hannunsu. Ya sami sartifika, ya wuce makarantar horon malamai, ya koyar fiye da shekara 30 a garuruwa dabam-dabam. Yanzu ya ajiye aiki, yana noman albasa a kwarin Tarka tare da ƴaƴansa, sai dai ido ya fara rauni. Abin da ya fi wahal da shi shi ne fansho. Sunansa an rubuta shi iri biyu a takardu biyu, takardar haihuwarsa kuwa ba ta da rana ba ta da wata, cewa kurum anka yi an haife shi wajen shekara kaza. Ya yi watanni yana kai da kawowa kafin a gyara. Saƙonsa ga iyaye shi ne, a yi wa jariri takardar haihuwa da wuri, kuma ran da za a sa yaro lakwal a duba harafi da harafi a ga suna ya zo daidai.

Ta biyu uwa ce daga ƙasar Keita. Aji uku ta yi anka fid da ita anka yi mata aure. A 1984, shekarar babban fari, anka fara aikin farfaɗo da ƙasa na Keita, da kuɗin ƙasar Italiya da hukumar FAO. Maza sun tafi ci-rani, mata ne sunka fi yawa a wurin aikin: su ke ɗaukar duwatsu, su ke haƙa ramukan tare ruwa a kan fako da gefen tsaunuka, su ke dasa itatuwa, ana biyansu da abinci. Cikin rukuninsu ita kaɗai ke iya rubuta suna da lamba. Sai anka ba ta kaye, ta riƙa rubuta wadda ta zo da wadda ba ta zo ba, da awon da kowace za ta karɓa. Ta ce daga ranar rigimar rabo ta ragu. Daga baya, da asusun Mata Masu Dubara, wanda anka fara a jahar Maraɗi a 1991, ya iso garinsu, ita anka ba riƙon lissafi. Yau jikarta tana aikin ungozoma a likita. Ta ce aji uku ya yi mata wannan, ina ga da an bar ta ta yi shida.

Na uku manomi ne daga kwarin Majiya, a ƙasar Buza. Bai taɓa shiga lakwal ba. Bayan farin 1973 da 1974 ya shiga ajin yaƙi da jahilci, ana karatu da dare da fitilar kwai. Abin da ya kai shi kuwa sikeli ne: yana kai auduga kasuwa, wani ya auna, wani ya rubuta, shi kuwa sai ido. Da ya iya lamba, anka sa shi cikin masu duba awo a kasuwar kwaparati. Yana cikin waɗanda sunka dasa dogon yaro lokacin da anka fara shingen tare iska na Majiya a 1975, layi biyu-biyu, tsakanin shinge da shinge mita 100. Ya ce da farko mutane sun yi gunaguni don itacen ya ci musu gefen gona, amma da iska ta daina kwashe ƙasa tana binne shuka, sai bakin kowa ya mutu. Har gobe yana karatu. Dabararsa ita ce, duk takardar da ta faɗo hannunsa sai ya karanta ta, ko ta magani ce ko buhun taki.

Na huɗu shi ne ya fi daɗewa bai amsa mana ba. Ya gama aji shida, bai ci jarrabawa ba, ya tafi bida. Yana Legas anka kori baƙi a 1983, ya dawo. Ya wuce Abijan, ya yi shekaru yana talla, har yaƙin 2002 ya tashe shi. Ya gwada Libiya, rikicin 2011 ya maido shi gida da jaka ɗaya. Yanzu yana ɗinki a kasuwar garinsu. Ya ce kunya ce ta hana shi magana, don abokan ajinsa wani ya zama likita wani ya zama babba a Yamai, shi kuwa ba shi da abin nunawa. Da munka ci gaba da hira sai ya fito da cewa shekara da shekaru a Abijan shi ke rubuta wa mutanen ƙasarmu wasiƙa zuwa gida, shi ke karanta musu amsa, shi ke rubuta kuɗin da kowa ya ba mai tafiya gida ya kai wa iyalinsa. Bai taɓa karɓar ko dala ba. Gidaje nawa sunka ji labarin ɗansu ta hannun wanga bawan Allah? Baba, in kana saurare, labarinka yana cikin waɗanda munka fi bukata.

Ta biyar ta yi ajin yaƙi da jahilci tana amarya, har an ba ta takardar shaida. Amma a garinsu babu jarida babu littafi, ga daka ga ɗiban ruwa ga reno. Shekara ta bi shekara, karatu ya gudu, sai sunanta kaɗai take ganewa. Abin da ya dawo da ita aji shi ne wayar salula: ɗanta yana aiko mata kuɗi, sai ta nemi yaron maƙwabta ya karanta mata saƙo, kafin dare unguwa duka ta san nawa anka aiko. Yanzu tana zaune a aji tare da sa'o'in jikokinta. Cikin wata uku baƙaƙen sun dawo mata, don abin da anka taɓa koya bai wuyar tashi. Gemu ba ya hana ilimi, furfura ma haka.

Akwai kuma waɗanda munka tambaya anka ce sun riga mu gidan gaskiya. Wani abokan ajinsa ba su ji ba sai bayan shekara biyu. Allah ya jiƙansu, ya sa namu ƙarshe ya yi kyau.

Don mi muke neman wanga labari?

Na ɗaya, don yaranmu. Yaro a ƙauye in an ce masa ya yi karatu ya zama kamar Abdu Mumuni, abin ya yi masa nisa. Amma in an nuna masa tsohuwa a unguwarsu an ce da aji uku ta riƙe lissafin mata 50, ya ga abu da idonsa. Uban da ke shawarar fid da ƴarsa daga lakwal bana, gara ya ji daga bakin wadda anka fid.

Na biyu, don ku kanku. Karatu kamar lauje yake, in an rataye shi sai tsatsa. Wanda ya zauna ya rubuta labarinsa shafi ɗaya, ya wasa hannunsa ke nan. In abokinsa ya amsa masa, ya sami abin karantawa.

Na uku, don makarantar kanta. A 2004 anka fara wani shiri a jahar Tawa, da taimakon ƙasar Japan, na kafa kwamitin kula da makaranta wanda mutanen gari ke zaɓa da ƙuri'a, daga baya anka yaɗa shi ƙasa duka. Kwamitin nan yana bukatar mai rubuta abin da anka yanke a taro, da mai riƙon lissafi, da dattijon da in ya yi magana iyaye za su ji. Tsofaffin ɗalibai ne sunka fi dacewa da wanga aiki, amma sai an san inda suke.

Na huɗu, don tarihi. Shekarar da anka buɗe lakwal a garinku, da sunan mushe na farko, da inda anka kafa rumfar farko, galibi ba su cikin wata takarda da ke gari, suna cikin kawunan mutum uku ko huɗu. Ran da anka rufe na ƙarshensu, shi ke nan.

Yadda za a yi

Aikin bai da wuya, kuma bai cin kuɗi. A sami kaye ɗaya mai kauri, a rubuta sunan makaranta a bayansa, a ba kowane tsohon ɗalibi shafi guda. A shafin nan ya amsa tambayoyi shida:

1. Sunanka da na mahaifinka, da unguwarku.
2. Wace shekara ka shiga, aji nawa ka yi? In shekarar ta ɓace maka, faɗi abin da ya faru a lokacin, kamar fari, ko naɗin sarki, ko juyin mulkin 1974, malami zai lissafa.
3. Wa ya koyar da kai, su wa kunka zauna tare?
4. Ina da ina ka zauna, wace sana'a ka yi, mi kake yi yanzu?
5. Wace rana ce karatu ya fid da kai kunya, ko ya tsare maka haƙƙinka?
6. Mi kake so ka gaya wa yaran da ke zaune inda ka zauna?

Ku rubuta da Hausa. Tun taron Bamako na 1966 anka shirya yadda za a rubuta harsunanmu da boko, kuma ƙa'idar ba ta da nauyi. Wanda hannunsa ya fi sakewa da ajami ya rubuta da ajami, wanda ya fi son Faransanci ko Tamajak ya yi da shi. Wanda ido ya gaza, ya kira jikansa ɗan aji biyar ko shida ya faɗa masa ya rubuta, sa'an nan yaron ya karanta masa ya ji ko ya yi daidai. Ta haka yaro ya yi darasin shifta, kuma ya san kakansa. Na ci-rani su aiko da murya ta WhatsApp, a nan gida a mai da ita rubutu. Kayen ya zauna hannun darektan lakwal ko sakataren kwamiti, cikin akwati, nesa da gara da ɗigon ruwa. In da hali a kwafi na biyu a ajiye a wani gida.

Sau ɗaya a shekara a taru a karanta. Lokacin da ya fi shi ne sa'ad da ƴan ci-rani sunka dawo noma, ko kwana biyu bayan salla, ko ran 8 ga Satumba, ranar yaƙi da jahilci ta duniya. A fara da addu'a ga waɗanda sunka rasu, malamai da ɗalibai. Sa'an nan yara su karanta shafuka uku ko huɗu a gaban iyaye.

Abubuwan kiyayewa

Kada a rubuta sirrin kowa. Ciwon mutum, da bashinsa, da mutuwar aurensa, nasa ne, sai in shi ya so a faɗa. Lambar waya kada a karanta ta a taro ko a rediyo, don akwai macuta masu kiran tsoho su ce su abokan ɗansa ne.

Kada a mai da abin na manya kaɗai. In shafin farko na mai mota ne, na biyu ya zama na mai jaki. Wanda ya yi aji biyu ya fita, ɗan makarantar ne. Mata kuwa a bi su har gida, don da yawa aure ya kai su wasu garuruwa, kuma ba za su zo da kansu ba sai an aika.

Kada a fara da karɓar kuɗi. Taro da yawa ya watse ran da anka fito da faranti. A fara da gaisuwa da jin labari. In daga baya jama'a sun ga rufin aji ya yaye, ko babu tebur, sunka yi niyyar taimako, to a rubuta kowace dala a karanta a fili. Siyasa kuma a bar ta a ƙofa. Mun ga yadda ta raba waɗanda sunka fito makaranta ɗaya.

Aikin mako

Ku da ke sauraro a ƙungiya, bayan an rufe rediyo ku tattauna a kan waɗanga tambayoyi. Wa ya fi kowa daɗewa da shiga lakwal a garinku, kuma yana raye? Cikin ƴan ajin farko na yaƙi da jahilci, mutum nawa ke iya karatu har yanzu, kuma mi ya taimake su? Wa za ku ba riƙon kaye?

Kai kuma ɗalibi, kafin darasi mai zuwa ka je ka gai da tsohon ɗan makaranta ɗaya, ka durƙusa ka nemi izini, ka rubuta amsarsa ga tambayoyi biyu na farko, ka kawo wa malaminka. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take. Wanda ke nesa, takarda ta je a madadin ƙafa.

Iyayena maza da mata, roƙona ke nan. Ku ba mu labarinku tun kuna iya ba da shi da bakinku. Allah ya ƙara muku lafiya da nisan kwana, ya ba mu damina mai albarka. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Mu kwana lafiya.